Libarba marar nauyi da harsashin Magnum: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ina da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a jiki. Wadda na saba ɗauka ta ƙarfe ce zalla, nauyinta yana damuna a ƙugu, shi ya sa na sayi libarba, wato ƙaramar bindiga mai silinda mai juyawa, mai gajeren hanci ƙirar Smith & Wesson 340PD. Ɗaukarta babu wahala ko kaɗan, amma da na gwada ta a filin atisaye da harsashin .357 Magnum, sai tafin hannuna ya yi tsami, yatsana kuma ya ɗaye. Shin ni ne ban iya riƙo ba, ko haka take? Kuma ya dace in ci gaba da zuba mata Magnum?

Amsa: Malam, haka take, kuma ko gwanayen harbi da suka daɗe a kan wannan fanni suna jin abin da ka ji. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Jikin 340PD na alminiyam ne da aka gauraya da ɗan sinadarin sikandiyam domin ƙara masa ƙwari, silindarta mai ɗaukar harsashi 5 ta titaniyam ce, tsawon hancinta bai cika inci 2 ba, nauyinta kuwa idan babu harsashi bai kai giram 350 ba. 'Yar'uwarta ta ƙarfe mai girma iri ɗaya, wato samfurin 640, ta haura giram 600. Wannan bambanci shi ne ya hutar da ƙugunka, kuma shi ne ya jawo wa hannunka ciwo.

Ƙa'idar kimiyya ce cewa ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake tura bindiga baya. Mu ɗauka kan harsashi mai nauyin giren 125 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), wanda ya yi daidai da kimanin giram 8, ya fita da gudun mita 350 a daƙiƙa. Bindiga mai giram 330 za ta yi baya da gudun da ya haura mita 8 a daƙiƙa, alhali mai giram 650 ba za ta wuce kimanin rabin haka ba, kuma wannan lissafi bai haɗa da turin iskar albarushi ba, wadda ita ma tana da nata kason. Abin lura shi ne duk lokacin da aka raba nauyin bindiga biyu, ƙarfin naushin da hannu zai sha yakan ninka, kuma yana zuwa da sauri kamar dukan sanda a tafi, ba kamar turi ba. Ga shi libarba ba ta da murfi mai zamewa da sifirin da ke rage kaifin naushi kamar sauran fistol, sannan mariƙin waɗannan ƙanana gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, bayan firam ɗin, wato gangar jikin bindigar, ma a buɗe yake yana dukan tsakanin babban yatsa da manuni kai tsaye.

Sai batun harsashin kansa. An fito da .357 Magnum a 1935, kuma an yi shi ne domin manyan libarba masu nauyin da ya haura kilo guda. Iyakar matsin da ma'aunin masana'antar Amurka ya amince masa ita ce fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali .38 Special na yau da kullum yana tsayawa a 17,000, mai ƙarin ƙarfinsa da ake kira +P kuma a 20,000. A gajeren hanci harsashin yana fita tun matsin bai gama aikinsa ba, sai ragowar ta fashe a waje ta zama walƙiya da ƙara mai tsanani. Ba gaskiya ba ne abin da wasu ke faɗa cewa Magnum da .38 ɗaya suke a irin wannan bindiga, domin Magnum yana riƙe da fifikon gudu na haƙiƙa. Tambayar ita ce ko wannan fifiko ya kai abin da ake biya dominsa.

A ganina, ga mafi yawan mutane bai kai ba. Bindigar da take cutar da mai ita tana koya masa zabura, wato hannu ya riƙa dannawa ƙasa tun kafin harbin ya tashi, kuma idan wannan ɗabi'a ta zauna, fitar da ita yana da wuya. Haka kuma mutum yakan daina zuwa atisaye, alhali wannan nau'in libarba, saboda gajartar tazarar saitinta da taurin kunamarta, ita ce ta fi kowace buƙatar atisaye. Wanda yake ɗauke da makami shi ne ke da alhakin duk harsashin da ya fita daga bakinsa, saboda haka iya saka harbi a inda aka nufa ya fi ƙarin gudu muhimmanci nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce ka koma .38 Special, wanda kowace libarba mai ɗaukar .357 Magnum take karɓa, tunda kaurin harsashin ɗaya ne, kwanson Magnum ne kawai ya fi tsawo da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci. Ka yi yawancin atisayenka da mai laushi, kamar mai faffaɗan kai na giren 148 da masu gasar harbi ke amfani da shi, na ɗauka a jiki kuma ka zaɓi +P da aka yi musamman domin gajeren hanci, irin Gold Dot na kamfanin Speer mai giren 135. Sauya mariƙi zuwa na roba wanda ya rufe bayan firam yana taimakawa ƙwarai, ko da yake zai ɗan ƙara wa bindigar girma. Ka riƙe ta da ƙarfi, hannunka can sama a jikin mariƙi, kada yatsa ya kusanci ratar da ke tsakanin silinda da hanci, domin iska mai zafi tana feshi daga nan. Kada ka yi harbi ba tare da abin toshe kunne da tabarau ba. Idan kuwa ranka yana kan Magnum, to ka nemi mai nauyi, kamar 640 ɗin da na ambata, ko Ruger LCR ta .357 mai kusan giram 485.

Tambaya: Ina cikin harbi da irin wannan libarba sai silinda ta ƙi juyawa bayan harbi na uku. Da na duba, sai na ga kan wani harsashi ya leƙo ta gaba. Bindigar ce ta lalace?

Amsa: Ba ta lalace ba. Wannan matsala sananniya ce a libarba marasa nauyi. Duk lokacin da aka yi harbi, bindiga tana fizgar kwansunan da suka rage zuwa baya da sauri, kan harsashi kuwa saboda nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai ya riƙa zamewa daga kwanso kaɗan-kaɗan har ya fito ya tokare. Harsashi mai nauyi, da na dalma tsagwaro, da wanda ba a matse bakin kwansonsa sosai ba, su suka fi yin haka. Gwajinsa mai sauƙi ne, kuma kamfanin Smith & Wesson da kansa yana ba da shawarar yin sa: a cika silinda, a harba huɗu, a fitar da na biyar a gwada tsawonsa da sabo. Idan ya ƙaru, wannan harsashi bai dace da bindigar ba, a nemi wani.

Akwai kuma gargaɗin da aka rubuta a jikin hancin masu silindar titaniyam cewa kada a yi amfani da harsashin da bai kai giren 120 ba, domin iskar da ke biyo Magnum marasa nauyi tana zaizaye fuskar silinda. Ita wannan silinda tana da rufin kariya, don haka ba a goge ta da abu mai kaushi. Wanda yake yawan harba .38 a cikinta ya riƙa tsaftace ramukan, saboda dauɗa tana taruwa a inda gajeren kwanso ya ƙare, ta hana dogon kwanson Magnum shiga da fita yadda ya kamata.

Tambaya: Tunda libarba irin 340PD ba ta da guduma a waje, wato ƙarfen da ke bugawa harbi ya tashi, zan iya jefa ta a aljihu haka nan?

Amsa: A'a. Ɓoyayyiyar guduma tana hana ta maƙalewa a tufafi, taurin kunama kuma yana rage haɗari, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin kube. Dole ta kasance cikin kuben da ya rufe kunama baki ɗaya, wanda yake riƙe ta a tsaye, kuma kada a haɗa ta aljihu ɗaya da makulli ko wani abu. Gumi da zaren tufafi suna taruwa a jikin bindigar da ake ɗauka kullum, saboda haka a riƙa sauke harsashi a duba ta lokaci-lokaci, bakinta yana fuskantar inda babu kowa. Ƙanƙantarta tana sa a manta da ita a cikin rigar da aka tuɓe, kuma wannan shi ne abin da na fi jin tsoro a gidan da akwai yara. Da zarar ta bar jikinka, wurinta akwati mai makulli. Game da doka, lasisin mallaka daban yake da izinin ɗauka a ɓoye a ƙasashe da yawa, a Amurka ma ƙa'idar kowace jiha daban take, kuma akwai wurare kamar kotuna da sashen tsaro na filayen jirgin sama da aka haramta shiga da ita ko da mutum yana da izini. Ka karanta sharuɗɗan takardarka da kyau kafin ka tsallaka iyakar jihar da ta ba ka ita.