Jiri da Amai a Jirgin Ruwa: In Fasa Tafiyar Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ne ya biya mana kuɗin tafiya, ni da maigidana, a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, za mu yi mako guda a Bahar Rum cikin watan Nuwamba. To ni ko mota na shiga, in dai kujerar baya ce, kafin a yi nisa zuciyata ta fara tashi. In fasa ne? Idan kuma hadari ya taso muna tsakiyar teku fa? Daga wata Hajiya mai karanta mu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya yi wa yaron albarka. Kada ki fasa, amma tun kina gida za ki fara shiri, don maganin wannan ciwo ya fi aiki kafin zuciya ta tashi.

Can cikin kunne akwai wani sashe da ke auna motsin jiki. Kina zaune a ɗaki, ido yana ganin bango tsaye cak, kunne kuwa yana jin jirgin yana tangal-tangal. Saƙon biyu ya saɓa, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai zufa mai sanyi, yawu ya cika baki, hamma, jiri, daga nan amai. Masu juna biyu, yara daga shekara 2 zuwa 12, da masu ciwon ɓarin kai sun fi kamuwa.

Abin da na fi so ki matsa a kai shi ne ɗakin kwana. Ki sa ɗanki ya nemi na tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, mai taga. Goshin jirgi da hawan can sama su suka fi lilo, ko da kuwa ɗakunansu sun fi kyau a hoto. Manyan jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage karkatar dama da hagu, amma ba sa hana goshin tashi da faɗuwa in igiyar ruwa ta yi ƙarfi.

Sai magani. Akwai ƙwayoyi irin su meclizine da cinnarizine, ana shan su awa ɗaya zuwa biyu kafin jirgi ya tashi, kuma suna sa barci. Akwai filastar scopolamine da ake mannawa bayan kunne aƙalla awa 4 kafin tafiya, tana aiki har awa 72. Tana busar da baki, tana iya sa gani dishi-dishi. In kin manna, ki wanke hannu kafin ki taɓa ido. Don Allah Hajiya, idan kina da hawan jinin ido, ko Alhaji yana fama da wahalar fitsari, kada ɗayanku ya manna ta sai likitansa ya amince. Citta tana taimaka wa wasu.

Da kin ji abin ya fara, ajiye waya da littafi, fita inda iska ke kaɗawa, ki kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. In ba hali, ki kwanta rigingine ki rufe ido. Ki riƙa cin abu kaɗan-kaɗan marar maiƙo, kada ki bar ciki fayau. Yawancin mutane jikinsu kan saba cikin kwana biyu zuwa uku.

Batun hadari kuwa, gaskiya Bahar Rum ta fi lafawa a watannin Yuni zuwa Agusta, a Nuwamba iska kan taso. Kyaftin yana bin rahoton yanayi, yakan sauya hanya ko ya tsallake wata tasha gaba ɗaya. In aka rufe farfajiyar waje, ki bi umarni, ki sa takalmi marar tsini, hannu ɗaya kullum a kan ƙarfen riƙo, musamman a matakala da banɗaki, don faɗuwa ita ta fi ji wa mutane ciwo a irin wannan rana.

Idan amai ya kai yini guda ko ruwa ba ya zama a cikinki, ki je asibitin jirgin, suna da allura. Akan caji kuɗi, saboda haka ɗanki ya tabbatar inshorar tafiyarku ta haɗa da jinya a cikin jirgi.