Baba yana da kaurin zuciya, likita ya hana shi azumi amma ya ƙi ji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman fatawa. Mahaifina shekarunsa 68, bara da azumi ya yanke jiki ya faɗi bayan la'asar, da aka yi masa hoton zuciya likita ya ce naman zuciyarsa ne ya yi kauri, ya ɗora shi kan maganin zuciya mai suna bisoprolol ya ce kar ya ƙara azumi. Shi kuma Baba ya ce tunda ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ba zai fara da furfura ba. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya, ya yi miki albarka ƴata.

Wannan ciwo da likitoci ke ce wa haifatrofik kadiyomayofati ba baƙo ba ne, ana samunsa a kusan mutum 1 cikin 500, sai dai a dattijo sau da yawa akan ɗauka hawan jini ne kawai ko tsufa. Yawanci bangon da ke tsakiyar zuciya ne ke yin kauri har ya matse hanyar da jini ke fita, to idan jiki ya rasa ruwa jinin da ke cika zuciyar sai ya ragu, hanyar ta ƙara tsukewa, daga nan sai jiri da haki da ciwon ƙirji har suma. Kin ga mutumin da ya wuni cikin zafin rana bai kurɓi ruwa ba tun sahur, ai faɗuwarsa da la'asar ba abin mamaki ba ce.

Allah ya ce a Baƙara aya ta 185 yana nufin sauƙi gare ku ba ya nufin tsanani, a Nisa'i aya ta 29 kuma ya hana mu kashe kanmu. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka ce mara lafiya in yana tsoron ciwo ya ƙaru ya halatta ya sha azumi, in kuwa halaka ake tsoro ko cuta mai tsanani to shan ya zama wajibi. Ba kowane mai wannan ciwo ake hanawa ba, wani nasa da sauƙi likita zai gyara masa lokacin shan magani ya yi azuminsa, amma Baba ya riga ya suma kuma likitan da ya ga hoton ya hana, don haka ni dai abin da na gani wajibi ne ya ajiye.

Ramuwa babu a kansa tunda ciwo ne mai zama da mutum. Sai ciyarwa, mudun Nabi ɗaya na abincin gari ga miskini a madadin kowace rana. A Malikiyya mustahabbi ne, Shafi'iyya sun wajabta, to ku ciyar ɗin hankali ya fi kwanciya.

Kar ku yi masa faɗa dan Allah, son ibada ne ke damunsa. Ki zauna kusa da shi ki ba shi labarin Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah (SAW), da ya tsufa ya kasa azumi sai ya riƙa ciyar da miskini gurasa da nama kowace rana. In miƙewa daga sujada na sa shi jiri ya yi sallarsa a zaune.

Sannan ciwon sau da yawa na gado ne, in na gadon ne kowane ɗa yana iya ɗauka kashi 50 cikin 100, ke da ƴan uwanki ku je a yi muku hoton zuciya ku ma.

Wallahu a'alam.