Foti ko fiftin? Amsa ga ɗan'uwanmu masunci na Gwani

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun shekaranjiya na ga tambayarka, hidima ce ta hana ni zama. Ka ce kwalekwalenka na katako ne, tsawonsa ƙafa 24, kai da yaronka kuke zuba kalli, wato ragar kamun kifi, filafili ya fara cin ƙirjinka, kuma an yi maka tayin injin jirgin ruwa biyu: tsohon mai ƙarfin doki 40, wato foti, da wani mai fito zai rabu da shi, da sabon mai doki 15, wato fiftin, ɗan China, kuɗinsu kusan ɗaya. Na ga wasu sun ce ka ɗauki babban, wai ko gaba ka canza jirgi. Ni dai shekarata 19 ina riƙe hannun inji a ruwan dam ɗin Dadin Kowa, guda huɗu sun bi ta hannuna, kuma da ƙanena ne kai uwa ɗaya uba ɗaya, ba zan bari ka ɗora fotin nan a bayan jirginka ba.

Fara da nauyi. Foti mai shan haɗin mai, wato wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ya haura kilo 70. Fiftin bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya mai lafiya yana saɓa shi a kafaɗa daga gaɓa zuwa gida. Mai doki 8 ma bai cika kilo 30 ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ba wanda ke barin inji ya kwana a bakin ruwa yanzu. Kullum sai ka kwance, kullum sai ka ɗaura. Da foti kana buƙatar mutum biyu ko baro safe da yamma, ga gaɓar da ke ja da baya da rani har ka yi tafiya mai nisa cikin taɓo kafin ka isa jirgi.

Sannan shi jirgin katako irin namu ba tashi yake yi a kan ruwa ba kamar na roba mai gudu, keta ruwan yake yi. Jirgi mai tsawon naka yana tafiya wajen kilomita 12 a awa ba tare da wahala ba, ƙaramin inji ma zai kai shi nan. Daga nan duk ƙarfin da ka ƙara, kaɗan ne ke zama gudu. Sauran yana tafiya ne wajen danne baya cikin ruwa, hanci ya ɗaga sama, igiyar ruwa ta biyo ka, mai yana ƙonewa. Ni na koyi wannan da kuɗina. Injina na farko mai doki 25 ne, na saya don kada a raina ni a tasha. Jirgina a lokacin bai kai naka ba. Wata na uku allon baya ya fara tsagewa ta wajen ƙusoshi, ruwa na tsattsafowa, yarona na kwarfa ni ina tuƙi. Wata safiya na murɗa totur da ƙarfi zan kauce wa kututture, jirgin ya kwanta gefe har ruwa ya haura baki. Allah ya kiyaye, kalli biyu kawai muka rasa. A makon na sayar da shi da asara.

Yanzu zo mu yi lissafin mai, don nan ne maganar take. Foti in ka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana shan kusan lita 20 a awa. Fiftin wajen lita 7. In ka rage totur zuwa rabi ko kashi uku cikin huɗu, fiftin zai sauko ƙasa sosai, gudun da za ka rasa kuma ɗan kaɗan ne. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum na iya rufe ido ya ce ba komai. Tun da aka cire tallafi lissafin ya juye. Mai fito da ke kwasar mutane da buhuna ranar kasuwa yana raba kuɗin man a kan fasinjoji, shi ya sa foti ya dace da shi. Kai kuwa karfasa da tarwaɗa da kurungun da suka faɗa kallinka ne za su biya. Akwai ranar da za ka ɗaga raga ka samu abin miya kawai, ita kuwa tankin ba ruwanta. Daidai ruwa daidai tsaki. In inda kake zuba kalli bai wuce tafiyar minti 30 ba, kuma ba ka ɗaukar kayan wasu, mai doki 8 ma zai yi maka. In kana haurawa sama wajen Malleri ko Kupto, ko kana son ɗan ƙarfin da za ka tsere wa hadari, to fiftin. Nan ne iyakarka.

Wani zai kawo maka zancen mai doki 9.9. Ka sani a Yamaha mai haɗin mai, 9.9 da 15 gangar jikinsu ɗaya ce, cc 246, nauyinsu ɗaya. Ba sauƙin ɗauka za ka samu ba in ka zaɓi ƙaramin. In tazarar kuɗin ba yawa, ɗauki 15 ka riƙa tafiya da shi a hankali.

Abin da ban ga kowa ya taɓo maka ba shi ne tsawon ƙafar inji, wato sashen da ke nutsewa cikin ruwa da farfela a ƙarshensa, alhali shi ke sa mutane su yi ta zagin inji mai lafiya. Ƙafa iri biyu ce a ƙananan injuna: gajera mai inci 15, da doguwa mai inci 20. Ɗauki tef ka auna allon bayan jirginka daga inda inji zai zauna zuwa ƙasan jirgi. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela, shi ake so ya yi daidai da ƙasan jirgin ko ya ɗan nutse da kamar inci ɗaya. In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa kama iska, ka ji inji na ihu jirgi ba ya gaba, ramin shan ruwan sanyaya inji ma yana iya fitowa waje. In ta yi tsawo, kana jan ƙarfe a cikin ruwa a banza, kuma kai ne na farko da zai gaisa da kututture. Ka san tun da aka tare Gongola aka gama dam ɗin a 1984 itatuwa da yawa suka kwanta a ƙasa, da rani in ruwa ya ja duk sai su taso. Saboda haka in kana tafiya gaba kada ka kulle ƙafar, bar ta yadda in ta daki abu za ta ɗaga da kanta. In kuma bayan jirginka mai tsini ne, sai kafinta ya yanke ya sa allo mai kauri, ya ɗaure shi da noti, ba ƙusa ba, ya tokare shi daga ciki. Ka sayi inji tukuna ko ka san tsawon ƙafarsa kafin a yanka katako.

Maganar mai haɗin mai da wanda baƙin mansa ke zaune daban kamar na mota, ba zan tsawaita ba. Na biyun ya fi tsimin fetur, ba hayaƙi, ba ƙara sosai. Amma ya fi nauyi, ya fi tsada, in ka kwantar da shi ta gefen da ba daidai ba baƙin mai ya gangara inda bai kamata ba, kuma makanikan bakin ruwa sun fi sanin na farkon. Ga wanda ke kwance inji kullum, ni mai haɗin mai nake zaɓa.

Sai batun sabo ɗan China ko tsoho ɗan Japan. A nan ba ni da tsattsauran ra'ayi irin na wasu. Na riƙe ɗan China guda, shekara biyu ya yi min aiki ba laifi, abin da ya kashe shi ba wani babban ciwo ba ne, haƙorin giya ne ya karye, na yi wata huɗu ina aike Legas ba a samu irinsa ba. Wasu daga cikinsu kwafin Yamaha ne, kayan ɗaya na shiga ɗaya, wasu kuma kama ce kawai a fenti. Don haka kafin ka biya, je wurin makaniken da zai riƙa duba maka, ba wurin mai sayarwa ba, ka tambaye shi: wannan in robar famfonsa ta mutu, ko kwayil, ko farfela, ko fistan da ringi, a ina za mu samu, kwana nawa? In ya fara sosa ƙeya, ka riƙe kuɗinka. Dalilin da ya sa ka ga Yamaha Enduro ya cika ruwayenmu, daga Numan har Yawuri, ke nan: duk inda ya tsaya akwai wanda ya san cikinsa. Suzuki da Tohatsu ma injuna ne na ƙwarai, tambayar dai ita ce ta kayan gyara a kusa da kai. In ka samu tsohon fiftin ɗan Japan mai lafiya a kan kuɗin sabon nan, da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa “mai lafiya” ba a baki ake ji ba. Kada ka yarda a tayar maka da shi a kan benci ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne, robar famfon ruwa nan da nan take ƙonewa. Wanda ya yi maka haka ya nuna maka yadda ya riƙe injin. Je da sassafe ka taɓa kan injin ka ji da sanyi, don wasu sukan ɗumama shi kafin ka iso. Ja igiyar tayarwa a hankali ka ji tana turjewa, in ta biyo ka salalam matsi ya tafi. In ya tashi, duba fitsarinsa, wato ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya, ya fito da ƙarfi ba ɗiga ba. Kwance fulogi biyun ka kwatanta, in ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi, ruwa na shiga wannan silindar. Sassauta notin ƙasa na man giya ka tari ɗigo a yatsa: in ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga; in kana ganin ƙyallin garin ƙarfe, haƙora na cin juna. Juya farfela da hannu ka ga ko sandarta na rawa. Bayan duk wannan a ɗora shi a jirgi da kaya, ku yi minti 20 a ruwa, a sa giyar gaba a sa ta baya, a bar shi a silo a ga ko zai mutu. Wanda ya ƙi wannan gwajin, ku rabu lafiya. Kuma ka duba lambar jikinsa ba a kankare ba, a rubuta takarda a gaban sarkin ruwa da shaidu. Injin sata yana yawo, ranar da mai shi ya gane abinsa kai za a riƙe.

In ka saya, abu uku ne ke kashe mana injuna, duk kuma da hannunmu. Na farko haɗin mai da ka. Yawancin waɗannan 50 ne a kan 1, wato tankin lita 25 rabin lita na man haɗi. Sabon inji kuwa awa 10 na farko ana ninka masa, lita ɗaya a 25, ba a kuma buɗe masa wuta duka. Duba littafinsa ka tabbatar. Nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin robar, shi aka yi don injin da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani inji, toshe fulogi yake yi ya daskarar da ringi. Ka samu kwalba guda ka yi mata alama, kada kullum ka ce ai ido ma mudu ne. Fetur ɗin bumburutu kuma ka tace shi da kyalle mai tsabta, ruwa da ƙasa ne ke cika kafireta.

Na biyu namu ne na masu kalli. Zaren raga da na mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, yana naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya ci robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, kai ba ka sani ba sai ranar da ƙafa ta yi ƙara. Ni duk Juma'a da ba na fita nake zare farfela in duba, aikin minti biyar ne. Man giya kuma a canza shi duk bayan awa 100 na aiki. In ka iso kan raga, kashe inji ka ɗaga ƙafa, ka ƙarasa da filafili.

Na uku yashi da taɓo. In ka kutsa cikin ruwa mara zurfi inji na aiki, yana zuƙar yashi, yashin na cin robar famfo. Ka saba waiwayen fitsarin nan kamar yadda direba ke kallon madubi. Da ka ga ya tsaya, kashe. Sau da yawa ciyawa ce ko leda ta rufe ramin shan ruwa, ko zanzaro ya yi gini a bakin bututun, tsinke ya isa. Robar kanta ka canza ta duk shekara kafin damina, ko da ba ta nuna komai ba.

Akwai jar igiya mai lanƙwasa da ke zuwa da inji, wadda in ta fizge inji ke mutuwa. Mutanenmu naɗe ta suke yi a jikin hannun inji kamar ado. Ɗaura ta a wuyan hannunka. In ka faɗa ruwa ba ta jikinka, jirgi zai yi ta zagaye da farfela a buɗe, yaronka na ciki. Inji kuma zai kai ka nesa da inda ka saba, tsakiyar ruwa inda iskar farkon damina ke tayar da igiya kafin ka ankara, don haka rigar ruwa biyu na cikin kuɗin inji, ka lissafa da su tun yanzu. Ka raba manka uku: na zuwa, na dawowa, da wanda ba a taɓawa. Inda ka san dorina na kwana, musamman mai ɗa, ba ta hanya da nisa, kada ƙarar inji ta sa ka ɗauka tsoronka za ta ji. Filafilinka da gorar tuƙi su zauna a jirgi, tare da fulogi biyu, sifana, igiyar tayarwa da fin ɗin farfela a cikin ɗan galan mai murfi.

Auno min tsayin allon bayan da faɗin jirgin a tsakiya, ka kuma faɗa min sunan da ke jikin ɗan Chinan da tafiyar minti nawa ce zuwa inda kake zuba kalli da filafili. Da waɗannan zan iya ce maka 8 ko 15, gajera ko doguwa. Mai fotin kuma ka ba shi haƙuri, ka ce ya nemi ɗan'uwansa mai fito. A gaida yaron.