Amsa ga ƙanwarmu mai son zuwa Zariya aikin sa-kai da marayu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, inda kika ce a Ingila aka haife ki, iyayenki 'yan Zazzau ne, kin kammala jami'a, kuma kina son ki zo Zariya ki yi wata uku kina aikin sa-kai a gidan marayu, ki ga yadda ake rayuwa a ƙasar iyayenki. Kin tambayi ta inda za ki fara, da abin da za ki taho da shi, da lokacin da ya fi dacewa. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Na daɗe ina wannan aiki tare da wasu mata a cikin birni da Tudun Wada, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Mafi yawan marayun Zariya ba a gidan marayu suke ba. Idan magidanci ya rasu, matarsa takan yi takaba wata huɗu da kwana goma, bayan nan ko yaran su zauna a hannunta, ko a raba su tsakanin baffa da gwaggo da kaka. Gidajen marayu suna nan, amma yaran da ke cikinsu galibi waɗanda aka tsinta ne, ko waɗanda aka rasa danginsu. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a shekarar 2009 sun fifita a rene yaro a cikin iyali, gidan marayu ya zama mafita ta ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da iyayenmu suka daɗe suna yi. Matsalar ita ce gidan da ya karɓi marayan sau da yawa shi ma da ƙyar yake ɗora tukunya, kuma babu mai zuwa da buhun shinkafa ƙofarsa, domin babu allo a bakin zauren da ke cewa akwai marayu a ciki.

Akwai wata baiwar Allah a wajen Ƙofar Doka da muke ziyarta, mijinta direba ne ya rasu a hatsarin mota. Da asuba take niƙa waken suya ta yi awara, babbar 'yarta ta ɗauki farantin talla da zarar ta dawo daga makaranta, ba ta shigowa sai dab da magariba. Yarinyar tana da ƙoƙari ƙwarai, amma da lokacin rajistar jarrabawa ya zo sai aka tarar ba ta da takardar haihuwa, ba ta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da wannan lamba. Uwar ba ta iya barin kaskon suya ta je ta wuni a layi, domin ranar da ba a soya ba, ba a ci ba. Abin da gidan nan yake bukata a lokacin shi ne mutum mai ilimi da haƙuri wanda zai riƙe hannun yarinyar, ya bi ofis-ofis har takardun su fito. Irin wannan aiki ba ya kyau a hoto, amma shi ne yake raba yarinya da talla ya kai ta aji.

Idan kuma kin fi son gidan marayun kansa, ina roƙonki ki yi tunani a kan wata ukun nan. Ranar da za ki fara shiga, ƙananan yara za su rugo su rungume ki, wani ya riƙe gefen mayafinki ya ƙi saki, zuciyarki ta karye. Baƙi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin farin ciki, alhali yaron da yake da uwa tsayayya yakan ɓuya a bayanta ne idan ya ga baƙuwar fuska. Wanda yake faɗawa jikin kowa yana neman wanda zai zama nasa ne. Na ga yaro ɗan shekara biyar da ya shaƙu da wata ɗaliba mai zuwa kowace Asabar. Da ta gama karatu ta koma garinsu, sai ya daina cin abinci sosai, ya koma fitsarin kwance, duk Asabar yana tsaye a bakin ƙofa. Ɗalibar ba ta yi da mugun nufi ba, amma yaron ya sake yin rashi a karo na biyu. Saboda haka shawarata ita ce ki bar renon jarirai da ƙanana ga matan da suke kwana suna tashi da su, ke kuma ki zama mai rage musu nauyi: ki zauna da manyan yara ki koya musu karatu da lissafi da kwamfuta, ki gyara kundin bayanan gidan, ki raka mai reno asibiti. Tun ranar farko ki faɗa wa yaran watan da za ki tafi, kada ki yi musu alkawarin dawowa sai kin tabbata.

Kada ki shiga kowane gida da kanki kawai. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara ta shekarar 2018, kuma gidajen marayu suna ƙarƙashin kulawar ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiha, don haka ki nemi ganin takardar rajista kafin ki ba da lokacinki ko kuɗinki. Gidan da ya tambaye ki ko ke wace ce, ya nemi wanda zai tsaya miki, ya hana ki keɓewa da yaro, shi ne gidan kirki. A cikin unguwa kuwa, ta wurin mai unguwa da limami da dattawan mata ake shiga. Duk kuɗin da wani ya ba ki don marayu ki rubuta shi, ki ajiye rasit, domin kin san gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar maraya.

Maganar hoto tana ci mini rai. A watan azumi da jajibirin sallah motoci kan yi layi, a jera yara a gaban buhuna a ɗauke su, kafin la'asar fuskokinsu sun cika Facebook, bayan sallah kuma a nemi masu zuwa a rasa har wata shekara. Yaran nan suna girma, abokan karatunsu suna da waya, kuma na san budurwar da aka yi wa gori da irin wannan hoton. Ki rufa musu asiri kamar yadda za ki so a rufa wa ƙannenki.

Game da rayuwa, wuta tana zuwa tana tafiya, ruwa a unguwanni da yawa sai an saya a wurin 'yan garuwa, zirga-zirga kuma a Keke Napep ne, daga Kwangila zuwa Samaru ko zuwa cikin birni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, za ki ga haka a kwanon tuwon gidajen da za ki shiga. Sanyin hunturun Zariya a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, lokacin ne yara suke fama da tari da kaushi, bargo da rigar sanyi da man shafawa suke zama babbar kyauta. Damina kuma lokacin sauro ne, kuma tun da ba a nan kika tashi ba jikinki bai saba da zazzaɓin cizon sauro ba. Ki ga likita kafin ki taso, ki zo da katin rigakafin shawara, ki riƙa kwana a gidan sauro. Idan ciwo ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Daga Abuja akwai jirgin ƙasa zuwa Rigasa a Kaduna, daga nan mota zuwa Zariya, kuma ki guji tafiyar dare.

Kada ki ciko akwatuna da kayan wasa. Kusan duk abin da yaran suke bukata akwai shi a kasuwar Sabon Gari, kuma idan aka kai ɗinkin kayan makaranta wurin telan unguwa, ko wurin bazawarar da take da keken ɗinki, gida biyu aka taimaka. Ki sauka a gidan dangi idan da hali, ki riƙa sallama da gaisuwa a tsanake, ki ci abin da aka kawo miki ko da kaɗan ne, domin ƙin cin abincin talaka yana yi masa ciwo fiye da yadda kike zato.

Lokacin da ya fi shi ne farkon zangon karatu, ko Satumba ko Janairu, don ki yi zango guda cur tare da yaran da za ki koyar. Ki faɗa mana fannin da kika karanta da unguwar da danginki suke, sai mu duba wadda za ki yi aiki tare da ita tun daga farko, wadda kuma za ta ci gaba da yaran bayan kin koma.