Ko rauni zai iya nuna irin harsashin da aka harba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwajin sinadarai a bakin rauni yana bayyana irin harsashi. Yana nuna hanya, amma ba ya yanke hukunci. Yawancin harsasai suna barin dalma da bariyom da antimoni. Idan aka ga jan ƙarfe a gefen ramin, alama ce harsashin mai riga ne, wato wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe. Wasu na zamani ba su da dalma, sai zinki da titaniyom.

Kuskuren da ke damuna shi ne wanke tufafin mamaci ko zubar da su, alhali nan burbushin albarushi ya fi maƙalewa. Kuma sinadari ba ya nuna takamaiman bindiga. Ko FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta daina kwatanta sinadaran dalmar harsasai a 2005, domin hanyar ba ta tabbatar da inda harsashi ya fito. Tantance harsashi da bindiga aikin likitan binciken gawa ne da masanin bindigogi.