Amsa: Fofin kok da jatan lande na roba, yana aiki kuwa?

Malam, ka tambaya ko fofin kok, wato kumfan nan da ake ɗaura wa zaren kamun kifi yana yawo a saman ruwa, na kama kifi in an sa masa jatan lande na roba maimakon mai rai. Yana kamawa ƙwarai, in ka iya kaɗa shi.

Shi wannan kumfa mai rami a ka, da 'yan duwatsun da ke kan wayarsa, aikinsa kiran kifi ne. In ka fizge shi sai ya yi "fwak", kamar ƙananan kifaye na cin abinci a saman ruwa. Manyan su taho duba abin da ke faruwa, su tarar da robar na sauka a hankali.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne fizga ba hutu. Fizga sau biyu, sannan ka tsaya kamar daƙiƙa 5 zuwa 10. A lokacin tsayawar nan ne kifin ke cafka, domin robar na nutsewa kamar jatan lande da ya gaji.

Zaren da ke tsakanin kumfan da ƙugiya ka bar shi santimita 45 zuwa 90, gwargwadon zurfin wurin, yadda robar za ta yi shawagi saman ciyawar ƙarƙashin ruwa ba tare da ta maƙale ba. Kan ƙugiyar, wato ɗan ƙarfen da ke manne da ita, ya zama mara nauyi, giram 3 ko 4 ya isa.

In kumfan ya nutse, kar ka yi saurin ɗaga sanda. Naɗe sakin zaren tukuna har ka ji nauyi, sannan ka ɗaga. A ruwa mai garai-garai kuma, rage ƙarfin fizgar, in ba haka ba sai ka kore su.