Ina so in buɗe kwamfutar teburina da kaina, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da kwamfutar tebur da na daɗe ina aiki da ita. Yanzu ta yi nauyi, kafin ta gama tashi sai na gaji da jira, fankarta kuma sai ƙugi take yi. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, gigabait 4 ce, ma'ajiyarta kuma tsohon faifai ne mai juyawa. Ina so in ƙara mata RAM, in sa mata SSD, wato irin ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, in kuma share ƙurar da ke ciki, amma ban taɓa buɗe ta ba. Tsorona biyu ne: kada wuta ta ja ni, kada kuma in ɓata abin da yake aiki lafiya. Zan iya da kaina?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Ayyukan nan uku da ka lissafa su ne mafi sauƙi a cikin kwamfutar tebur, kuma sukudireba ɗaya mai baki kamar alamar tarawa ta ishe ka. Tsoron naka ma yana kan hanya, sai dai ina so ka san wanne ne ya fi nauyi. In ka kiyaye doka ɗaya, da wuya kwamfutar ta cutar da kai. Kai ne kake iya cutar da ita, ta hanyar gaggawa da danna abu da ƙarfi inda bai dace ba.

Bari mu fara da batun jan wuta. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, wanda wayar soket take shiga ta baya, shi yake rage wutar bango zuwa volt 12 da 5 da 3.3 kafin ta isa sauran kayan. Wannan ƙaramar wuta ba ta jan mutum. Haɗarin yana cikin akwatin kansa, domin akwai manyan kafasita a ciki, wato kayan da ke tara wuta, da kan riƙe kusan volt 400, kuma ba lalle ba ne su sauke ta nan take don an cire waya. To dokar ita ce: kada ka taɓa kwance wannan akwati, ko don share ƙura, ko don canja fankarsa. In ya lalace, a cire shi gaba ɗaya a sa sabo. Ba na sassauta wa kowa a kan wannan.

Kashe kwamfuta kaɗai bai isa ba, saboda ko a kashe take, muddin waya na jikin soket akwai volt 5 da ke shiga babban allon, wato madabod. Ka kashe ta yadda ka saba, ka kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta in akwai, ka zare wayar, sannan ka danne maɓallin kunnawa na gaba kamar daƙiƙa goma. Wani lokaci za ka ga fanka ta ɗan motsa ko wata ƴar fitila ta yi ƙifta ta mutu. Ragowar wutar ce ta fita. Sai ka cire wayoyin monita da kibod da sauransu, ka kwantar da kwamfutar a kan tebur a wuri mai haske.

Tsoronka na biyu shi ne wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Jikin mutum yana tara wata wuta ta gogayya, irin wadda kake ji ta yi maka tsit idan ka taɓa hannun ƙofa bayan ka taka kafet, musamman in iska ta bushe. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen volt 3,000, alhali wasu ƙananan kayan lantarki ƙasa da volt 100 ma yana lalata su. Ke nan kana iya yi wa RAM illa ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba. Abin da ya fi ciwo, ba koyaushe take mutuwa nan take ba. Sai ta ci gaba da aiki, bayan wani lokaci kwamfutar ta fara tsayawa cak ko tana kashe kanta, kai kuma ba za ka taɓa danganta hakan da ranar da ka buɗe ta ba. Maganin ba shi da wuya. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka dafa ƙarfen gidan kwamfutar inda babu fenti, kuma ka riƙa maimaitawa duk lokacin da ka tashi ka dawo. In kana da abin ɗaurawa a wuyan hannu da ake maƙala wa ƙarfen, ya fi. Kada ka yi aikin a kan kafet ko katifa, kada ka sa rigar ulu. Sabon kaya ya zauna cikin ledarsa mai ruwan azurfa har sai lokacin sa shi ya yi, kuma ka riƙe shi ta gefe, yatsanka kada ya taɓa haƙoran nan masu ruwan zinare.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san abin da ke cikin kwamfutarka. A nan ne mutane suka fi yin asara. RAM iri-iri ce: DDR3 mai haƙora 240, DDR4 mai 288, DDR5 ita ma mai 288. Kowacce an yi mata tsagi a wuri daban, don kada ta shiga gurbin da ba nata ba, kuma wutar da suke ci ta bambanta, DDR3 volt 1.5, DDR4 volt 1.2, DDR5 volt 1.1. Madabod ɗin da aka yi don ɗaya ba ya karɓar ɗaya. A Windows, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen da ke nuna aikin RAM, za ka ga gudunta da yawan guraben da aka cika. Manhajar CPU-Z tana faɗin irinta da sunan madabod ɗin, da sunan kuma za ka nemo littafinsa ka ga iyakar abin da yake ɗauka. Wani abu da ake mantawa: in Windows ɗinka mai bit 32 ce, ba za ta yi amfani da fiye da gigabait 4 ba komai yawan da ka zuba mata.

Da za ka tambaye ni wanne za ka fara saya, SSD zan ce. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 200 a daƙiƙa, SSD mai wayar SATA kuwa tana kai wajen 550, kuma ba ta jiran wani hannu ya zagaya neman fayil kamar yadda ake yi a faifai mai juyawa. Jinkirin tashin da kake kuka da shi, yawancinsa daga nan yake. RAM kuma, gigabait 8 ne mafi ƙarancin abin da zan ba da shawara a yau, 16 in madabod ɗin zai ɗauka.

Ka kwafe duk abin da ba za ka so rasa ba zuwa wata ma'ajiya ta waje tun kafin ka kwance noti ɗaya. In an kulle faifanka da BitLocker, wato tsarin kulle faifai na Windows, ka nemo lambar buɗewarsa ka rubuta a takarda, don canjin kaya kan sa ya tambaye ta. Da ka cire murfin gefe, ka ɗauki hoton ciki da wayarka, kowace waya a inda take.

Ƙura ce farko. Ka fita da kwamfutar waje, ka yi amfani da bulowa ko gwangwanin iska, kana busawa a gajarce. Ka dafe fikafikan kowace fanka da yatsa lokacin da kake busa ta, domin iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima ta cinye mata gindi. In gwangwani ne, a tsaye za ka riƙe shi, don in ka kifa shi ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Injin tsotsar shara kada ya shiga ciki, shi ma yana tara wutar gogayya. Ka fi mayar da hankali kan ƙarfen sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, can ƙura take dunƙulewa tsakanin siraran fikafikansa ta toshe iska, shi ya sa fankar take ƙugi.

Shi ƙarfen sanyayan, ka bar shi a ɗaure in ba dole ba. Tsakaninsa da furosesa akwai wani man shafawa mai launin toka da ke miƙa zafi, kuma da zarar ka ɗaga shi, sai ka goge tsohon man da sinadarin isopropyl ka sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. In zafi bai sauka ba bayan shara har ta kai ga haka, ka ɗan murɗa ƙarfen dama da hagu kafin ka ɗaga. A madabod mai soket AM4 na AMD, busasshen mai kan manne har furosesar ta biyo ƙarfen ta fito, filolinta su lanƙwashe.

Sa RAM shi ne kaɗai wurin da za ka danna da ɗan ƙarfi. Ka buɗe maƙallan da ke bakin gurbin, ka daidaita tsagin RAM ɗin da tudun da ke cikin gurbin, ka ɗora manyan yatsunka a kan ƙarshenta biyu, ka danna kai tsaye ƙasa har ka ji ƙas, maƙallan su rufe da kansu. In ta ƙi shiga, kada ka ƙara ƙarfi, ka ɗaga ka sake duba tsagin. In gurabe huɗu ne kuma sanda biyu gare ka, yawancin madabod suna son a sa su a na biyu da na huɗu daga ɓangaren furosesa, domin su yi aiki a hanya biyu lokaci guda, amma littafin shi ne mai yanke hukunci. Sanda biyu masu gudu daban za su yi aiki a gudun wadda ta fi jinkiri, shi ya sa na fi son a sayi biyu iri ɗaya.

SSD mai inci 2.5 waya biyu take buƙata, siririya daga madabod da mai faɗi daga akwatin wuta, kuma bakin kowacce an yi shi da ƴar kusurwa, ta fuska ɗaya kawai take shiga. In madabod ɗinka yana da gurbin M.2, inda ake zura wata siririyar SSD kai tsaye ba waya, ka duba wanne iri yake karɓa, NVMe ko SATA, kafin ka saya. Ita a karkace ake zura ta, a kwantar da ita, a ɗaure da ɗan ƙaramin noti ba tare da matsewa sosai ba. Idan sabuwar Windows za ka sa, ka zare wayar tsohon faifan har sai ka gama, in ba haka ba tana iya ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da ka cire shi kuma kwamfutar ta ƙi tashi.

Abu ɗaya za ka canja, ka kunna ka gwada, sannan ka wuce na gaba. In ka kunna fanka na juyawa amma monita baƙi ƙirin, kada hankalinka ya tashi, yawanci RAM ce ba ta zauna daidai ba. Ka kashe, ka zare waya, ka cire ta ka sake sawa, in ta kama ka gwada sanda ɗaya-ɗaya. Ka duba hoton da ka ɗauka ko ka ture wata waya ba ka sani ba. Tunda murfin a buɗe yake, in agogon kwamfutar ya saba komawa baya, ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ya ƙare, sai ka canja shi.

Tsohon faifan kuma kada ka yi saurin goge shi. Ka bar shi yadda yake na ƴan makonni, har ka tabbatar duk fayilolinka suna buɗewa a kan SSD, sannan ka mayar da shi ma'ajiyar hotuna da bidiyo.